Stasi

Stasi ita ce hukumar tsaron ciki ta tsohuwar Jamus ta Gabas, wadda aka kafa ranar 8 ga Fabrairu, 1950. A shekarar 1989 tana da ma'aikata kusan 91,000, ban da 'yan rahoton ɓoye fiye da 170,000. Jami'anta sukan buɗe wasiƙun jama'a, su saurari hirarsu ta waya, su dasa na'urorin naɗar murya a gidaje. Da yake ɗan rahoto kan iya zama maƙwabci ko ma miji, mutane sun koyi iya bakinsu har a cikin ɗaki.

An rusa hukumar a 1990. Daga 1992 aka bai wa kowa damar karanta bayanan da aka tara a kansa, inda wasu suka gano cewa na jikinsu ne ke kai rahotonsu.