Fadar Kawusan da Ta Zama Masaukin Baƙi

A tsakiyar birnin Agadas a ƙasar Nijar, daura da babban masallaci mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, akwai wani tsohon gida da aka sani da Hôtel de l'Aïr. Ba domin matafiya aka gina shi ba. Fada ce da aka yi wa Kawusan, jagoran Abzinawan da suka tayar wa Faransawa.

A watan Disamba 1916 Kawusan ya shiga Agadas da mayaƙansa, Sarki Tegama kuwa ya goya masa baya. Suka kewaye barikin Faransawa kusan wata uku. A watan Maris 1917 sojoji suka iso daga Damagaram, sai Kawusan ya janye arewa. Mutanen gari su ne suka sha ukuba, gama an karkashe malamai da talakawa da yawa. Shi kansa an rataye shi a Murzuk ta Libiya a 1919.

Daga baya aka mai da fadar otal. A shekarun 1980 Turawa masu yawon buɗe ido, har da jikokin waɗanda ya yaƙa, sukan ci abinci a babban zaurenta mai bakan gizo, su hau soro su kalli hasumiya. Tawayen 1990 da na 2007 suka kori baƙin. A 2013 UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya.

Mai karatu, in ka sauka a irin wannan gida, kada taushin gado ya hana ka tambaya: wa ya gina shi, su wa kuma suka sha wuyarsa?