Peter Cundall da Tarihin Shirin Lambu a Ostiraliya

Shirin lambu na kiran waya ya kafu a Ostiraliya ne a 1967, shekarar da hukuma ta yarje wa gidajen rediyo su sa muryar mai kira kai tsaye. A shekarar ce wani gidan rediyo a Launceston, a arewacin tsibirin Tasmaniya, ya ba Peter Cundall fili ya riƙa amsa tambayoyin masu lambu. Masu aikin rediyo sun san wuyar irin wannan shiri. Babu rubutun da za a karanta, babu lokacin buɗe littafi. Mai kira zai ce ganyen lemonsa ya koma rawaya, ko tumatirinsa na ruɓewa ta gindi, kuma dole mai gabatarwa ya gano cutar daga bakin mutum alhali bai ga shukar ba. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, nan take asirinsa ke tonuwa.

Cundall kuwa a hannu ya koyi sana'ar. An haife shi a 1927 a Manchester ta Ingila, a gidan talakawa, ya bar makaranta yana ɗan shekara 12. Ya shiga rundunar sojan laima ta Birtaniya gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A 1946 ya tsallaka iyaka daga Ostiriya zuwa Yugoslabiya, aka kama shi, ya yi wata shida a kulle shi kaɗai. Daga baya ya shiga sojan Ostiraliya, aka tura shi yaƙin Koriya yana riƙe da bindiga mai sarrafa kanta. Abin da ya gani a can ya sa ya tsani yaƙi har ƙarshen ransa. Da ya tuɓe kaki sai ya zauna a Tasmaniya, ya kama aikin tsara lambuna da gyaran itatuwa.

A 1969 gidan ABC ya kai shi talabijin. Shirin nasa na Tasmaniya ya yi ta gudana har zuwa 1990, lokacin da aka buɗe shirin Gardening Australia domin ƙasar baki ɗaya, shi ne kuma jagora. A nan salonsa ya fito sosai. Yana durƙusawa a gaban kyamara, ya dumbuzo takin da ya ruɓa, ya shinshina, ya nuna wa mai kallo tanar da ke ciki. Koyarwarsa ba ta sauya ba: a ciyar da ƙasa da takin gargajiya, a lulluɓe ta da ciyawa don ta riƙe laima, a riƙa juya shuka daga fangali zuwa fangali kowace shekara, a rage maganin feshi. A zamanin da ya fara faɗin haka, da yawa suna ɗaukar noma ba sinadari a matsayin aikin 'yan tsiraru. Yana cikin waɗanda suka mai da shi abin da talaka ke yi a bayan gidansa, kuma wannan ita ce babbar gudummawarsa ga fagen. Fangalan kayan miya da ya riƙa nunawa suna cikin lambun gwamnati na Hobart, inda baƙi ke zuwa gani.

Bai raba lambu da kare muhalli ba. Ya yi adawa da gina madatsar ruwa a kogin Franklin, kuma a 2009, yana da shekara 82, 'yan sanda sun kama shi a ƙofar majalisar Tasmaniya wajen zanga-zangar ƙin kafa masana'antar sarrafa itacen takarda a kwarin Tamar. Shekara biyu kafin nan ƙasar ta ba shi lambar girma.

Ya sauka daga talabijin a 2008, amma ya ci gaba da amsa kiran masu sauraro a rediyo na wasu shekaru. Stephen Ryan ya gaje shi a Gardening Australia, sannan Costa Georgiadis ya karɓi shirin a 2012. Cundall ya mutu a Tasmaniya ranar 5 ga Disamba, 2021, yana da shekara 94.