Lokacin Da Gwamnati Ta Toshe Wa Jama'a Kunne

Ke da kike cikin gida, rediyo na gefenki kina tsince shinkafa, yau tarihi zan ba ki na wata ƙasa da aka hana mutanenta jin labarin waje.

Ƙasar ita ce Tarayyar Sobiyat, wadda ta wargaje a 1991. A 1948 gwamnatinta ta fara toshe shirye-shiryen Muryar Amurka na Rashanci, a 1949 ta haɗa da BBC. Yadda suke yi shi ne, sai su kafa na'urori masu watsa ƙara daidai kan mitar tashar. In kin kunna, ba ki jin komai sai ƙugi kamar injin niƙa.

A Disambar 1950 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi Allah wadai da wannan aiki, domin sashe na 19 na kundin haƙƙin ɗan Adam na 1948 ya ba kowa 'yancin neman labari daga ko'ina, ba ruwansa da iyakar ƙasa.

Kila ki ce ai wannan rigimar 'yan siyasa ce. To saurara. Ran 26 ga Afrilun 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Yukren ta fashe, guba ta bi iska. Gwamnati ta yi gum sai daren 28 ga wata, sannan ta fitar da 'yar gajeriyar sanarwa. Ran 1 ga Mayu aka fito da yara fareti a birnin Kiyef, kimanin kilomita 100 daga wurin. Tashoshin waje kuwa suna ta ba da shawara a rufe tagogi, a tsare yara a gida, a guji ɗanyar madara, amma sai wanda ya iya tsintar maganar a cikin ƙarar. Daga baya dubban yaran yankin suka kamu da sankarar maƙoshi, akasari ta hanyar madarar shanun da suka ci gurɓatacciyar ciyawa.

Sai a ƙarshen Nuwambar 1988, zamanin Gorbachev, aka kashe na'urorin gaba ɗaya.

'Yar'uwa, uwar da ba ta ji ba, yaya za ta kāre ɗanta? Shi ya sa ake lissafa jin labari cikin haƙƙoƙinki. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.