Dattijo a Aji: Wasannin Ban Dariya da Ilmin Manya a Ingila

Batun da zan yi magana a kansa ya samo asali ne a shekarar 1873, lokacin da Jami'ar Kambirij ta amince da shawarar wani malaminta, James Stuart, ta fara aika malamai garuruwan masana'antu irin su Nottingham da Derby da Leicester, su karantar da manyan da ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba. Jami'ar Okisfod ta bi sawu a 1878.

Cikin waɗanda suka yi wannan yawon karantarwa akwai Richard Moulton, wanda ya zaɓi wasan kwaikwayo ya zama fanninsa. Ya buga littafi a kan Shekisfiya a 1885, ya kuma buga wani a 1890 a kan wasannin Girkawa da Rumawa na dā, ya shirya shi yadda wanda bai san harsunan ba zai iya bi ta fassara. Ta haka ne Aristofanis ya isa hannun akawu da malamar firamare da mai tsaron kanti.

To, a nan ne abin lura yake. Tsofaffin wasannin ban dariya ba su raga wa babba mai neman ilmi ba. A wasan Aristofanis mai suna Gizagizai, wanda aka nuna a Atina a shekara ta 423 kafin haihuwar Annabi Isa, wani tsohon manomi ne bashi ya yi wa katutu saboda ɗansa mai son dawaki, sai ya tafi makarantar Sokiratis don a koya masa jayayyar da zai hana masu bashi haƙƙinsu. Kansa ya ƙi ɗauka, aka kore shi, ya tura ɗan. Ɗan ya ƙware, ya dawo ya lakaɗa wa uban duka, ya kuma kafa hujja cewa daidai ya yi. Tsoho ya je ya cinna wa makarantar wuta. Moliya na Faransa ma, a 1670, ya kawo attajiri Jourdain, ɗan mai sayar da yadi, ya tara malaman kiɗa da rawa da takobi da falsafa don a ɗauke shi basarake. Babban abin da ya tsinta shi ne, ashe fiye da shekara arba'in yana magana da zube bai sani ba.

Mai sauraro zai ce ai wannan cin fuska ne ga magidancin da ya tashi daga aiki a gajiye ya zo ya zauna a benci. A ganina ba shekarun mutanen nan ake yi wa dariya ba, niyyarsu ce. Ɗaya zamba yake nema, ɗaya girma. Kuma tambayar niyya ita ce ta fi damun masu ilmin manya a Ingila. Albert Mansbridge, wanda shi kansa akawu ne, ya kafa Ƙungiyar Ilmantar da Ma'aikata a 1903. A 1908 R. H. Tawney ya buɗe azuzuwan farko na sabon tsari a Longton da Rochdale, ko da yake shi tarihin tattalin arziki ya koyar. Ɗalibi zai yi alkawarin shekara uku, zama ashirin da huɗu kowace shekara, awa ɗaya ta lacca, awa ɗaya ta muhawara, ga rubutun gida. Ba jarrabawa, ba takardar shaida. Wato da gangan aka toshe ƙofar da Jourdain zai shigo. Ma'aikatan da ke cikinmu, waɗanda suka san yadda ƙarin girma yake rataye a kan takarda, su ne za su fi gane nauyin wannan sharaɗi.

Adabi ya daɗa samun wuri a azuzuwan daga baya. Raymond Williams ya karantar da manya a ƙarƙashin Okisfod daga 1946 zuwa 1961, a cikin waɗannan shekaru ne kuma ya fitar da littattafansa biyu na farko a kan wasan kwaikwayo, a 1952 da 1954.

Wannan tsari na Okisfod shi aka kwaikwaya da Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe sashenta na karantar da manya a wajen harabarta a 1949, ƙarƙashin Robert Gardiner, mutumin Gwalkwas. Moliya kuwa ta wata hanya ya fita garuruwan Nijeriya: a 1961 ɗaliban kwalejin suka mai da wani bawansa mai wayo, Scapin, ya koma Suberu, suka zaga da wasan gari gari.