Tarihin Ingila a Cikin Kalmomin Ɗagawa

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus yana neman Ingilishin kalmar “ɗaga” zai tarar an jera masa *heave* da *lift* da *raise* da *elevate*. Sau da yawa yakan zaci duk ɗaya ne, ya ɗauki wadda ta fara zuwa hannu. Alhali kuwa kowace da zamanin da ta shiga harshen, da mutanen da suka kawo ta.

Dattijuwar cikinsu ita ce *heave*, wadda a tsohon Ingilishi ake cewa *hebban*. A da ita ke ɗauke da ma’anar ɗagawa gaba ɗaya. A shekarar 793 mayaƙan teku daga ƙasashen arewacin Turai suka kai hari tsibirin Lindisfarne, a 866 kuma suka ci birnin York. Da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila, aka yi cuɗanya da auratayya, sai kalmominsu suka shiga bakin ’yan ƙasa. Daga *lypta* tasu aka sami *lift*, tushenta kuwa kalmar da ke nufin sararin sama. Daga *reisa* aka sami *raise*, watau sa abu ya tashi. Dangantakarta da *rise* daidai take da ta “tayar” da “tashi” a Hausa.

Baƙin nan biyu suka takura ’yan gida. *Heave* ta koma ɗaga abu mai nauyi da nishi, abin da Bahaushe ke kira cicciɓa. Ita kuwa *rear*, ’yar’uwar *raise* ta gado, galibi ta tsaya ga renon yara da kiwon dabbobi.

Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci da Latin suka zama harsunan fada da coci da ilmi. Ta ƙofar Latin ce *elevate* ta shigo daga baya, shi ya sa har yau ta fi dacewa da ɗaukaka daraja fiye da ɗaga buhun gero.

Saboda haka mai fassara sai ya yi hattara. Wanda ya fassara *raise* da “ɗaga” a ko’ina zai wayi gari ya ɗaga yaro inda marubucin ke nufin an rene shi, ko ya ɗaga kuɗi inda ake nufin an tara su.