Fanshon mazan jiya: hakkin da ya daskare shekara hamsin

Duk wanda ya tashi a Damagaram, Maraɗi ko Tawa kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce, ba zai rasa tuna wani dattijo ba mai lambobin yabo a ƙirjin riga, wanda kan nufi baitulmali bayan kowane ƴan watanni, riƙe da ɗan littafinsa na fansho. Su ne mazan jiya, tsofaffin sojojin da suka yi wa Faransa yaƙi. A takarda, wani kaso na kuɗin da suke amsa ba a cire masa haraji ko tamma guda. Amma tarihi ya nuna an yi musu wani yanka da ya fi kowane haraji zafi, wanda ba shi da rasit, ba shi da mai karɓa.

Asalin maganar ya koma shekarar 1857, lokacin da gwamna Faidherbe ya kafa rundunar da ake kira ta tirayoyin Senegal. Sunan ya bi duk wani baƙin soja na Afirka ta Yamma, ko da Bahaushe ne, ko Bazabarme. A 1918, da Yaƙin Duniya na Farko ya cinye samarin Faransa, aka aiko ɗan majalisa Blaise Diagne ya ɗebi sababbin sojoji, da alkawura a bakinsa, ciki har da sauƙin harajin kai, wato lanho, wanda ya addabi talakawa. Tun daga nan aikin soja, fansho da haraji suka zama tsintsiya ɗaya a idon jama'a. A 1919 kuma aka mai da ɗibar soja tilas, na tsawon shekara uku.

Alkawari kaya ne, in ji Bahaushe, amma tun da wuri aka ga alamar mai kayan zai yi nauyin saukewa. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Tiyaroye kusa da Dakar, aka buɗe wuta kan sojojin da suka dawo daga kurkukun Jamus, don sun nemi bashin albashinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaba François Hollande ya ambaci 70. Masana tarihi da dama suna ganin adadin ya kai ɗaruruwa. Bayan yaƙi, ƙungiyoyin mazan jiya suka yi ta matsa lamba, har a 1950 doka ta kusanto da hakkinsu ga na takwarorinsu Faransawa.

Kuɗin kashi uku ne, kuma ya kamata a rarrabe su. Akwai fanshon aiki, wanda a wancan zamani soja ke samu in ya cika aƙalla shekara 15 cikin kaki; wannan ladan aiki ne, don haka haraji na iya hawa kansa kamar albashi. Akwai diyyar rauni ga wanda yaƙi ya naƙasa. Akwai kuma ɗan kuɗin girmamawa da aka ƙirƙiro a 1930 domin masu katin shaidar halartar yaƙi. Biyun ƙarshe dokar Faransa ta keɓe su daga harajin kuɗin shiga, domin ana ɗaukarsu biyan bashin jini. Game da fanshon aiki, yarjejeniyar haraji da Nijar da Faransa suka sa wa hannu a 1965 ta bar hakkin haraji ga ƙasar da mai fansho yake zaune. A Disamba 2023 Nijar ta bayyana janyewarta daga wannan yarjejeniya.

To, ina yankan ya fito? Ranar 26 ga Disamba 1959, ana jajibirin ƴancin kai, majalisar Faransa ta zartar da dokar kasafin kuɗi wadda aya ta 71 a cikinta ta ce: ƴan ƙasashen da suka fita daga hannun Faransa, za a mai da fanshonsu wani kuɗin shekara-shekara, a tsaye cik kan ƙimar da yake da ita. Wannan shi ne abin da Faransawa suka kira « cristallisation », mu ce daskarewa. Nijar ta samu ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960, dokar kuwa ta fara aiki a Janairu 1961. Daga nan, duk lokacin da aka ƙara wa tsohon sojan Faransa kuɗi saboda tsadar rayuwa, abokinsa na Filinge ko Tasawa, wanda suka kwana rami ɗaya a Indoshin ko Aljeriya, sai ya tsaya inda yake, in ban da ƴan ƙare-ƙaren da ba su taka kara sun karya ba. Farashin hatsi yana hawa, littafin fansho yana nan jiya i yau. Matan da mazansu suka rasu bayan haka kuwa, ƙofar gādon fansho ta rufe a gabansu.

Shari'a ta ɗauki lokaci. A 1989 kwamitin kare hakkin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙarar Ibrahima Gueye da abokansa 742 ƴan Senegal, ya ce wannan wariya ce. Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Ranar 30 ga Nuwamba 2001, kotun ƙolin harkokin mulki ta Faransa ta ba Amadou Diop gaskiya, tsohon saje wanda ya yi aiki daga 1937 zuwa 1959; sai dai hukuncin ya tarar da shi cikin kabari, domin ya rasu tun 1996. A 2002 aka yi ƙari, amma bisa ma'aunin tsadar rayuwa ta kowace ƙasa. A 2006 fim ɗin « Indigènes » na Rachid Bouchareb ya motsa zukata, shugaba Jacques Chirac ya sa aka daidaita diyyar rauni da kuɗin girmamawa daga Janairu 2007. Fanshon aiki shi ne ya rage, har ranar 28 ga Mayu 2010, da kotun tsarin mulki ta soke dokokin daskarewa, sokewar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2011. Ko a nan ma, cikakken gyara sai ga wanda ya rubuta takardar nema, alhali akasarin masu hakkin tsofaffi ne da ba su shiga lakkwal ba.

Daga 1961 zuwa 2011 shekara hamsin ke nan cif. Wanda ya bar soja yana ɗan shekara 35, sai ya kai 85 kafin ya ga daidaito, kuma ba a biya shi ramuwar dukan shekarun da suka wuce ba. Darasin a fili yake ga duk ma'aikacin da ke jiran ritaya: abin da ake cirewa a takarda ba shi kaɗai ke rage fansho ba, in kuɗi bai bi farashin kasuwa ba, lokaci da kansa ya zama mai karɓar haraji.

Mazan jiya na wancan zamani sun kusa ƙarewa, amma littattafansu na soja da na fansho suna nan cikin akwatunan gidaje, gara tana cin su. Ya dace malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su nemi izinin iyalai, su ɗauki hoton waɗannan takardu, su rubuta abin da matan mamatan da ɗiyansu suke tunawa. A cikinsu ne ɗalibanmu za su karanta lissafin bashin da sunayen kakanninsu.