Lu'ulu'u da waya: yadda mai koyo zai fara haɗa ƴan kunne, abin hannu da sarƙa

Yau mun ɗauko wata sana'ar hannu da ba ta buƙatar shago, ba ta buƙatar wutar lantarki, ba ta kuma cin jari mai yawa: haɗa kayan kwalliya na lu'ulu'u da waya. Wayar da muke nufi ba ta kira ba ce, siririn ƙarfe ne da ake lanƙwasawa. Gaba ɗaya aikin ya rataya ne a kan ƙulli guda. Wanda ya iya shi, ya kuma iya bambanta lu'ulu'un gaske da na jabu, to ya kama hanya. Wanda ya tsallake waɗannan biyun, ko dai a cuce shi a kasuwa, ko shi ya cuci mai saye ba da saninsa ba.

Mene ne lu'ulu'u?

Kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma a bakin Bahaushe kusan duk dutse mai daraja sunansa lu'ulu'u. Wanda muke magana a kai ba a haƙo shi daga ƙasa. Cikin ruwa yake samuwa, a jikin wata halitta mai ɓawo biyu da ake kira kawa. Idan wani abu ya shige ta ya dame ta, sai ta riƙa lulluɓe shi da sinadarin da take gina cikin ɓawonta da shi, shafi bisa shafi, har ya zama ƙwaya mai sheƙi.

A da, galibi sai an yi nutso cikin teku ake samunsa. Mutanen Bahrain da sauran ƙasashen Tekun Fasha sun shafe ƙarnoni suna rayuwa da wannan nutso. A shekarar 1893 wani ɗan Japan, Kokichi Mikimoto, ya yi nasarar sa kawa ta yi lu'ulu'u ta hanyar kiwo. Cikin shekarun 1930 na kiwo ya cika kasuwa, sana'ar nutso ta durƙushe, Bahrain kuma ta samu man fetur a 1932. Yau kusan duk lu'ulu'un gaske da ke kasuwa na kiwo ne. Mafi yawa kuma mafi sauƙin kuɗi shi ne na ruwan daɗi, wanda ake kiwo a tabkunan ƙasar Sin, inda garin Zhuji ke da babbar kasuwarsa. Na teku, kamar Akoya na Japan da baƙin nan na Tahiti, tsadarsu ta fi ƙarfin mai koyo.

Na gaske da na jabu

Galibin abin da muke gani a tiren ƴan koli a kasuwanninmu ƙwayoyin gilashi ne ko na roba da aka shafa wa fenti mai ƙyalli. Ba laifi ba ne a yi aiki da su, da su ma ya kamata a fara. Laifin shi ne a biya kuɗin na gaske a karɓi na roba. Ga hanyoyi huɗu na gwaji:

Na farko, a goga ƙwayar a hankali a gefen haƙori. Ta gaske za a ji ta da ɗan kaushi kamar yashi mai laushi, ta jabu kuwa sumul take.

Na biyu, a dubi bakin ramin. A ta jabu sau da yawa fentin ya ɗaye ko ya taru a wurin, kuma ramin ya fi faɗi.

Na uku, a jera su a duba. Na gaske da wuya a sami biyu iri ɗaya sak; wata ta ɗan fi tsawo, wata tana da tabo. In duk sun fito kamar an zuba su a ma'auni ɗaya, kuma ga araha, to a yi hattara.

Na huɗu, nauyi da sanyi. Ta gaske tana da sanyi in an fara taɓa ta. Ta roba ba nauyi, ba sanyi. Ta gilashi kan ruɗi mutum a nan, shi ya sa ba a dogara da gwaji ɗaya.

Kayan aiki

Filaya uku ake buƙata, ƙanana, irin na masu gyaran rediyo da salula. Ɗaya mai baki zagayayye kamar tsinke biyu, da ita ake yin zobe. Ɗaya mai baki shafaffe marar haƙora, da ita ake riƙewa da lanƙwasawa. Mai haƙora tana yi wa waya rauni. Ta uku ta yanka ce. Kafin a samu ta ukun, abin yanke akaifa yana iya yanke siririyar wayar jan ƙarfe. Sai ma'aunin tela, da tire da aka shimfiɗa wa tsumma don kada ƙwayoyin su gangare.

Kaurin waya shi ne inda sababbi suka fi yin asara. Ramin lu'ulu'un gaske ƙarami ne, yawanci bai wuce milimita 0,6 zuwa 0,8 ba. Don haka waya mai milimita 0,5 ita ce ta yau da kullum, wadda ake rubuta wa lamba 24 a ma'aunin Amurka. Mai 0,4 lamba 26 ce, ta ƙananan ƙwayoyi. Mai 0,8 lamba 20 ce, da ita ake yin ƙugiya da maɗauri. Ku lura, a wannan ma'auni duk sanda lambar ta ƙaru, wayar sirancewa take. In za ku saye, ku tafi da ƙwaya ɗaya ku zura ku gani. Kada a tura waya da ƙarfi, ƙwayar na iya tsagewa daga bakin rami.

Wajen koyo, jan ƙarfe ya fi, don yana da taushi da araha. Silin da ke cikin tsohuwar wayar lantarki ko naɗin matacciyar fanka ya isa a yi gwaji. A feɗe robar da wuƙa, kada a ƙona ta, hayaƙin yana cutar da ƙirji. Amma jan ƙarfe in ya haɗu da zufa yana barin kore a fata. Kayan sayarwa sun fi kyau da wayar da aka yi wa ruwan azurfa ko na zinariya, ko azurfar kanta mai lamba 925. Maƙeran farin ƙarfe, irin waɗanda suka yi suna a Agadas da masu aiki a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata a Yamai, sun san jan azurfa ta koma waya. Ƙugiyar da ke shiga kunne kuwa a nemi ta azurfa ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, domin mai arahar nan sau da yawa tana da nikel, wanda ke sa wa mutane da dama ƙaiƙayi da ƙuraje.

Ƙullin da ya riƙe sana'ar

Sunansa naɗaɗɗen zobe: a yi ɗan zobe da waya, a naɗe wutsiyar a wuyansa yadda ba zai buɗe ba. Ga yadda ake yi:

1. A yanko waya mai tsawon santimita 7.

2. A bar santimita 2 da rabi daga baki, a kama da filaya shafaffiya, a lanƙwasa ta yi kusurwa kamar gwiwar hannu.

3. A sa filaya zagayayya daidai kan gwiwar, a ɗauko wutsiyar da yatsa a zagaya da ita bisa bakin filayar.

4. A ɗan juya filayar, a ƙarasa zagayen har wutsiyar ta gicciye doguwar wayar. Zobe ya fito.

5. A riƙe zoben da filaya shafaffiya, a naɗe wutsiyar a wuyan sau uku, naɗi kusa da naɗi, ba hawa kan juna.

6. A yanke saura, a danne bakin har in an shafa da yatsa ba a ji tsini ba.

7. A zura ƙwayar. A bar tazarar kamar milimita 2 a samanta, a sake lanƙwasawa, a maimaita daga mataki na 3. Tazarar nan ita ce wurin naɗi. In babu ita, naɗin zai matse ƙwayar ya fasa ta.

Yanzu kuna da gaɓa ɗaya: ƙwaya a tsakiya, zobe a kowane gefe. Abin da kowa ke mantawa a ranar farko shi ne, gaɓa ta biyu sai an rataya ta cikin zoben ta farko kafin a naɗe. In an riga an naɗe, ba ta buɗuwa, sai dai yanka. Wata dabara kuma: a ɗiga alama da biro a bakin filaya zagayayya, a riƙa yin kowane zobe a kan alamar, duk za su fito girma ɗaya.

Waya tana taurara duk sanda aka lanƙwasa ta. In aka yi ta gyara wuri ɗaya, karyewa za ta yi. Zoben da ya karkace a yanke shi a sake, ya fi a ɓata lokaci. Muna ba da shawara a yi zobe talatin ko arba'in da jan ƙarfe da ƙwayar roba kafin a taɓa lu'ulu'un gaske. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da za a fara haɗawa

A fara da ƴan kunne, ƙwaya biyu kawai suke ci. A murɗe bakin waya ya yi ɗan dunƙule da zai tare ƙwayar daga ƙasa, a zura, a yi naɗaɗɗen zobe a sama, a rataya a ƙugiya. A auna wayoyin biyu tare don kada ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Abin hannu na mace babba yakan kai santimita 17 zuwa 18 har da maɗauri. Da ƙwaya mai milimita 7, gaɓa goma ko sha ɗaya sun isa. Sarƙar wuya kuwa santimita 40 zuwa 45 ce. Maɗaurin ana iya yin sa da waya mai 0,8: a lanƙwasa ta kamar ƙugiyar kamun kifi, a ɗan bubbuga a kan ƙarfe don ta yi tauri, a goge bakin.

A nan ribar waya take. Igiyar lu'ulu'u da ake sayarwa tana da tsawon kusan santimita 40, wato ƙwaya hamsin da ƴan kai zuwa sittin in masu milimita 7 ne. In a zare aka shirya su, abin hannu ɗaya zai ci ƙwaya fiye da ashirin. Da waya, igiya ɗaya za ta ba da abin hannu biyar, har a sami ragowar ƴan kunne. Kuma in zare ya tsinke duk ƙwayoyin watsewa suke. Na waya gaɓa ɗaya ce za a gyara.

Kula da shi a yanayinmu

Lu'ulu'u ba shi da tauri. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, mai hawa goma, yana tsakanin 2,5 da 4,5, yashi kuwa yana kan 7. Ke nan ƙurar hunturu da ta kwanta a kansa, in aka goge ta da ƙarfi, karce shi za ta yi. A hure ta, sannan a shafa da tsumma mai laushi da ɗan danshi.

Duk abu mai tsami yana cin sheƙinsa: lemun tsami, ruwan tsamiya, har da zufa in ta daɗe a kai. Turare da humra da man shafawa suna dusashe shi, hayaƙin turaren wuta yana sa shi ya yi duhu. Sai an gama shiri tsaf a sa shi, in an dawo kuma shi ake fara cirewa. Zafin bazara da bushewar iska na iya sa shi tsagewa, don haka kada a bar shi a rana ko kusa da murhu, kada kuma a ƙulle shi cikin leda. A naɗe shi a tsumma shi kaɗai, nesa da sarƙar ƙarfe. Duk wannan a faɗa wa mai saye, don gobe kada ta dawo ta ce an ba ta jabu.

Kariya

Guntun waya yana tsalle in an yanke. A rufe da yatsa ko a juya shi ƙasa, kada ya faɗa ido. A tattara guntayen cikin gwangwani, a gidajenmu yara ba takalmi suke yawo. Ƙwayoyin kuma a ɗauke su daga inda mai rarrafe zai kai hannu, yana iya haɗiyewa ko ya cusa a hanci.

Kuɗi da amana

Kafin a yanka farashi, a raba kuɗin igiyar da yawan ƙwayoyinta don a san kuɗin kowace ɗaya. A haɗa da na waya, wajen santimita 70 zuwa 80 ga abin hannu guda, da maɗauri, da lokacin da aka ɓata. Wanda bai lissafa lokacinsa ba, aikin banza yake yi wa mutane. Kasuwa tana tashi lokacin sallah da bukukuwan aure da suna, sai a shirya kaya tun da wuri. Masu ƙungiya ko adashi suna iya haɗa kuɗi su sayi filaya da igiya tare. In hannu ya faɗa, akwai baje kolin sana'o'in mata na SAFEM da ake yi a Yamai.

Ga ƴan'uwa da ke ƙetare masu son tallafa wa na gida: filaya uku, da naɗin waya mai 0,5 da mai 0,8, da igiya ɗaya ko biyu ta lu'ulu'un ruwan daɗi, duk za su shiga aljihun jaka. Ku gwada ƙwayar a haƙori kafin ku biya, ku kuma zura wayar ku tabbatar tana shiga.

Ga masu sana'ar kuwa, na roba a ce na roba ne, na gilashi a ce na gilashi ne, ruwan azurfa kada a kira shi azurfa. A ƙauye kowa ya san kowa, kuma fenti ba ya daɗewa a wuyan mai zufa bai tona asiri ba. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya ba mai koyo haƙuri.